Filin Burje: mun je kallon jiragen yaƙi, muka tarar da hanyar Damagaram

Tun dawowarmu daga wani horon aikin rediyo da muka yi a Faransa shekarun baya, akwai labari guda da muke ta cewa za mu rubuta, aiki yana hana mu. Yau dai Allah ya yi.

Mu huɗu ne, duk ƴan Nijar, ranar wata Asabar da ba mu da kwas. Biyu suna son kasuwa, biyu suna son barci saboda sanyi, aka yi ta gardama har aka tsaya a kan gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, wanda bakinmu ya fi saurin kira Burje. Yana arewa maso gabas da birnin Paris, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba. Ana shiga jirgin ƙasa layin B, a sauka tashar Burje, a ɗauki bis mai lamba 152. Tashar nan ma ba ta banza ba ce. Daga 1942 zuwa tsakiyar 1943, nan ne ake loda Yahudawan da aka tsare a sansanin Drancy da ke kusa, dubbai a cikin taragon dabbobi, a nufi sansanonin kisa da su. Muna tsaye muna jiran bis, mutane suna ta wucewa da burodi a hannu, kamar kowace tasha.

Gidan tarihin yana ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Faransa, an kafa shi tun 1919, amma sai 1975 ya fara buɗe zaurensa a Burje. Abin da ya bambanta shi da irin mize ɗin da muka sani shi ne, ba a ɗebo kaya an kai su wani gini a tsakiyar gari ba. An ajiye jiragen a filin da abin ya faru. Kana cikin zaure kana kallon jirgin 1917, ka leƙa taga sai ka ga ƙaramin jirgin wani attajiri yana tashi, don filin yana aiki har yanzu.

Yaƙi ne ya haifi filin. Ranar 30 ga Agusta 1914 wani jirgin Jamus ya zo saman Paris ya saki ƴan bama-bamai. Ɓarnar ba ta da yawa, amma tsoron ya shiga, a shekarar nan soji suka karɓi gonakin Burje suka mai da su sansanin jiragen tsaron birni. Bayan yaƙi, a 1919, aka fara jigilar fasinja. Nan ne Ba'amurke Charles Lindbergh ya sauka ranar 21 ga Mayu 1927, shi kaɗai daga New York, awa 33 da rabi bai tsaya ba. Sati biyu kafin shi wasu Faransawa biyu, Nungesser da Coli, sun tashi daga filin za su yi irin wannan tafiya ta ɗaya ɓangaren, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ƙafafun jirginsu da suka saki bayan sun tashi, don rage nauyi, su kaɗai suka rage, suna nan a ajiye. Babban ginin saukar fasinja kuwa na 1937 ne, shi ne yanzu zauren da ake fara shiga.

A zauren nan ne jiragen yaƙin duniya na farko suke, wasu a ƙasa wasu a rataye. Wallahi in ka matsa kusa sai jikinka ya yi sanyi. Katako ne da waya da ƙyalle da aka shafe da fenti ya yi tauri. Wurin zaman matuƙi ba rufi, tankin mai yana dab da shi, kuma mafi yawansu babu laimar dira. Akwai jirgin Guynemer, gwarzon Faransawa da ya kaɓo jirage 53 ya mutu a 1917 yana ɗan shekara 22. Ɗaya daga cikinmu ya ce ko an ba shi miliyan ba zai hau wanga abu ba, har ya fi yarda da tsofaffin motocin da ke zuwa Dirku.

Mu dai inda muka daɗe shi ne gaban wani jirgi mai fiffike biyu, sama da ƙasa, sunansa Breguet 14. Injinsa ƙarfin doki 300, an ƙera dubbai irinsa don leƙen asiri da jefa bam. Da yaƙi ya ƙare sai aka rasa yadda za a yi da su, aka tura da yawa ƙasashen da Faransa ke mulka. Daga nan labarin ya fara juyowa wajenmu.

A Fabrairu 1920 jirage biyu suka tashi daga Tamanraset za su ƙetare Sahara zuwa kogin Kwara. Guda, wanda Joseph Vuillemin ke tuƙawa, ya tsallake. Ɗayan, Breguet 14 mai ɗauke da Janar Laperrine, ya ɓata hanya, mai ya ƙare, ya kife a rairayi. Janar ɗin ya cika ranar 5 ga Maris. Abokan tafiyarsa biyu sun rayu, kuma ba jirgi ne ya gano su ba, sojin raƙuma ne. A 1925 wannan Vuillemin ya sake zuwa da wani babban jirgi zai je tafkin Cadi, jirgin ya faɗi wajen tashi a Yamai, mutum guda ya mutu. Lokacin ko babban birni Yamai ba ta zama ba, Damagaram ce ke riƙe da wannan matsayi har 1926.

Sai babbar tafiya ta 1933. A Nuwamba na shekarar, jiragen soji kusan talatin samfurin Potez 25 suka tashi daga kudancin Faransa ƙarƙashin Vuillemin, wanda ya zama janar. Suka bi Maroko, suka ƙetare hamada zuwa Gao, suka je Bamako da Dakar, suka juyo gabas ta Yamai da Damagaram da For-Lami, wato Njamena ta yau, har Bangi. Fiye da kilomita 20,000. Suka kammala a filin Burje a tsakiyar Janairu 1934, aka yi musu gagarumar tarba. To kun ji: tsakanin filin da muke tsaye a kai da filin Damagaram akwai layi, an ja shi tun kafin a haifi iyayenmu.

Ku tsaya ku yi tunanin ranar. Garin da mota ma baƙuwa ce, sai ga jirage kusan talatin a sama lokaci guda, ƙara kamar aradu. Ba yawon buɗe ido ba ne. An yi shi ne don a gwada ko rundunar sama za ta iya isa kowane lungu na mulkin mallaka, kuma don na ƙasa su ɗaga kai su gani. Amma jirgi ba ya sauka a daji. Sai an sare itace, an tumɓuke kututture, an kwashe duwatsu, an cike ramuka, an daddaɓe ƙasa, an kawo mai a cikin tano an jera tun kafin su iso. A wancan zamani hanyoyi da filayen sauka suna cikin ayyukan da ake yi da aikin tilas, a ɗora wa mai gari ya kawo mutum kaza na kwana kaza, babu biya. Ba a soke wannan tsari ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Sunayen matuƙan duk a rubuce suke. Masu daɓen ƙasa kuwa lissafi ne kawai a littafin kumandan.

Ba muna cewa gidan tarihin ya yi laifi ba. Gidan jirage ne, abin da ya tashi sama shi yake tarawa, kuma ya iya aikinsa. Mu ne dai da muka fito daga ƙasa muke kallon kowane jirgi muna tambayar abin da ke ƙarƙashin tayarsa.

Zauren yaƙin duniya na biyu daban yake. Cikin shekara ashirin an bar katako da ƙyalle an koma ƙarfe, gudu ya ninka sau uku. Ga Spitfire na Ingila, siriri kamar shirwa, ga Thunderbolt na Amurka, ƙato kamar bijimi, ga Mustang, ga Dewoitine 520 na Faransa. Shi kansa filin ya sha wuya a wannan yaƙi. Jamusawa sun yi masa ruwan bam ranar 3 ga Yuni 1940, suka shiga Paris ranar 14. Kafin watan ya ƙare Hitila ya sauka a Burje da asuba, ya zaga birnin na ƴan awoyi ya koma. Shekara huɗu sojin saman Jamus ne ke riƙe da filin, shi ya sa ya zama abin hari ga ɗaya ɓangaren. Ranar 16 ga Agusta 1943 jiragen Amurka suka zo suka zuba masa bam, garin Dugny da ke maƙwabtaka da shi ya kusa shafewa. Talakawan da suka mutu a nan ba su san hawa ba ba su san sauka ba, laifinsu kawai gidansu yana kusa da filin jirgi.

Akwai wani ɗan jirgi da suke ji da shi ƙwarai, Yak-3, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Na rundunar Normandie-Niemen ne, matuƙan Faransa da Degol ya tura su yi yaƙi tare da Rashawa. Mutum 42 daga cikinsu ba su dawo ba. Waɗanda suka rayu aka ba kowa jirginsa kyauta, suka sauka da su a Burje ranar 20 ga Yuni 1945. A cikinsu akwai Roger Sauvage, wanda mahaifinsa baƙar fata ne ɗan tsibirin Martinik, ya kaɓo jirage 16. A lise ba a taɓa ambata mana shi ba, ga shi kuwa mun haddace ranar 18 ga Yuni da ranar 8 ga Mayu har muna cin maki da su a jarrabawa.

Yanzu ga tambayar da ta fi tsaya mana a rai: wa ya ƙwato filin daga hannun Jamus? An ƴanta Paris ranar 25 ga Agusta 1944, amma Jamusawa sun ja daga a arewacin birni, sai da aka yi kwanaki ana gumurzu a Burje da kewaye kafin rundunar Janar Lekler mai motocin sulke ta kore su. To wannan runduna asalinta Cadi ne.

Lokacin da Faransa ta miƙa wuya a 1940, ƙasashen da take mulka sun rabu biyu. Mu a Nijar muna ƙarƙashin Dakar, inda gwamna Boisson ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, kuma haka muka zauna har Nuwamba 1942. Cadi kuwa gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana, ya bi Degol tun ranar 26 ga Agusta 1940. Kun ga kenan iyakarmu ta gabas da ta kudu duk sun zama iyakar abokan gaba a takarda, alhali kasuwa ɗaya muke ci da Katsina da Daura, aure ɗaya muke yi. Daga Cadi Lekler ya tashi da mutum wajen 400, kusan kashi uku cikin huɗu ƴan Afirka, suka ƙetare hamada suka karɓe Kufra a kudancin Libiya daga Italiyawa ranar 1 ga Maris 1941. A can ya sa suka yi rantsuwa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta hau Strasbourg. Ƴan jiragen da suka rufa musu baya tsofaffi ne na Ingila, guda ma ya ɓace a hamada, ba a gano shi da gawarwakin mutanensa ba sai 1959.

Mutanen nan sun bi shi har Fezzan, har Tarabulus, har Tunisiya. Sai a 1943, da za a mai da su runduna mai motocin sulke a Maroko da kayan Amurka, aka cire baƙaƙen fata aka rarraba su wasu rundunoni. Sojin Amurka na lokacin ba sa haɗa baƙi da farare a runduna ɗaya, shugabannin Faransa kuma ba su ja ba. Saboda haka waɗanda suka yi rantsuwar Kufra da ƙishirwa a maƙogwaro, mafi yawansu ba su ga Paris ba, ba su ga Burje ba, ba su ga Strasbourg ba. Sunan Cadi dai ya shiga birnin, don akwai bataliyoyin da ke ɗauke da shi. Sunan ya je, masu sunan an bar su a hanya. Wasu za su ce ai wannan tsohon zance ne, kowa ya sani. Mu dai mun san shi a takarda, amma tsayawa a kan filin ya sa ya yi mana wani nauyi daban.

Akwai kuma wata hanya da ta wuce ta bayan gidanmu, wadda ba mu cika jin labarinta a Nijar ba don ta Ingilishi ce. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, zagayawa ta Afirka ta Kudu kuma wata da watanni ne. Sai suka ɓullo da dabara: a kawo jiragen yaƙi a warware cikin manyan akwatuna zuwa tashar ruwan Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, For-Lami, Janaina, Fashir, Hartum, har Masar. Ayari na farko ya tashi a Satumba 1940. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Ƙanana sukan jeru bayan babba guda mai ɗauke da masanin hanya, kamar ayarin raƙuma bayan madugu. Duk wanda kakansa ya je hajji da ƙafa zai gane sunayen garuruwan nan, don daga Kano zuwa Hartum hanyar alhazai ce sak, jiragen sun bi ta samanta ne kawai. Kuma da Cadi ta bi Vichy kamar mu, da hanyar ta yanke a tsakiya.

Jamusawa sun san da haka. A Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya tak ya taso daga Libiya, ya ƙetare hamada, ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta For-Lami. Man da ya ƙone ba daga famfo ya fito ba. An jawo shi ta ruwan Binuwai zuwa Garwa, ko ta kogin Kwango zuwa Bangi, sannan a kamyo kan hanyoyin da damina ke cinyewa, tano bayan tano, da hannun mutane ake lodi ake saukewa. Aikin watanni ya tashi a hayaƙi cikin ƴan mintoci.

Kafin mu fita muka shiga zauren Concorde, don wa zai zo nan bai gan shi ba? Guda biyu ne kafaɗa da kafaɗa, kuma ana shiga ciki. Ciki matsattse ne, tagogi kamar tafin hannu. Ba jirgin yaƙi ba ne, amma ko shi sai da ya mai da mu gida. Na farkon da aka ƙera, mai lamba 001, yana da ƴan tagogi a rufinsa da tambarin husufi a jikinsa. Ranar 30 ga Yuni 1973 aka yi husufin rana wanda inuwarsa ta ratsa Muritaniya, Mali, arewacin Nijar da Cadi. Masana suka hau jirgin daga tsibirin Kanariya, ya bi inuwar wata da gudun da ya ninka na sauti sau biyu, suka samu minti 74 cikin duhu, alhali na ƙasa bai wuce minti 7 da ƴan daƙiƙu ba. Ya sauka a For-Lami. Shekarar 1973 kuwa kun san abin da take nufi a ƙasarmu: shekarar fari ce, dabbobi suna faɗuwa, mutanen arewa suna gangarowa kudu da abin da ya rage musu. Jirgin ya wuce ta samansu a tsawon kilomita 17.

A bis ɗin komawa ba wanda ya yi maganar kasuwa. Abin da muka tattauna shi ne namu filayen. Na Yamai, na Damagaram, na Agadas, na Dirku, kowanne yana da tarihin da ya kai a ba shi ɗaki. Na baya-bayan nan ma an yi shi a gaban idonmu: sojin Faransa sun bar sansanin 101 na Yamai a Disamba 2023, na Amurka sun bar na 201 a Agadas a 2024. Direbobi da masu dafa abinci da masu tafinta da magina da suka yi aiki a wuraren nan suna nan da ransu, suna cikin unguwanninmu. Ba jirgin da za mu rataye muke nema ba, wannan sai gwamnati. Abin da muke da shi mikro ne da na'urar ɗaukar murya, kuma a ganinmu mu ƴan rediyo mun yi sakaci, mun fi ba gardamar siyasa lokaci a kan tsoho mai labari.

Bayan mun dawo mun taɓa buɗe layi a shirinmu na dare, muka tambaya ko akwai wanda ya ji daga bakin magabatansa labarin sharar filin jirgi a zamanin Nasara. Kira uku kawai muka samu. Biyu gaisuwa suka yi. Na ukun wata dattijuwa ce, jikanta ya riƙe mata waya, ta ce mahaifinta ya sha ba su labarin an kwashe su daga ƙauye bayan girbi, kowa da gatarinsa da guzurin gero daga gida, kuma abin da ya fi tunawa ba jirgin ba ne, ƙayar da ta cinye musu ƙafa ce. Muka ce, “Inna, wace shekara ce?” Ta ce ita ina ta san shekara, ta dai san lokacin ba a yi wa babanta aure ba. Layin ya yanke kafin mu tambayi sunan ƙauyen, lambar kuma ba ta sake shiga ba.

In akwai wanda ya gane wannan dattijuwa, ko yake da irinta a gida, ko yake da littafin soja na wani daga cikin mazan jiya a ƙasan akwati, don Allah ya neme mu. Za mu zo da na'ura har gida, kuɗin mota namu ne.